Daren Kyauta da Rufaffun Ranaku: Shekara 40 na Ja-in-ja Tsakanin Otal da Baƙonsa

Daren da ɗakin otal ya kwana babu kowa a ciki ya tafi ke nan, ba a adana shi a sayar gobe. In kuwa aka saka mutum a ɗakin da dama zai kwana fanko, abin da otal ya kashe bai taka kara ya karya ba: wankin zanin gado da tawul, sabulu, wutar na'urar sanyaya ɗaki, da ladan mai shara. Wannan lissafi ne ya nuna wa manyan kamfanonin otal na Amurka cewa ba za su yi asara ba in sun riƙa bai wa baƙin da suka saba sauka wurinsu daren kyauta. Sai dai lissafin yana tafiya daidai ne a daren da otal bai cika ba. Ran da gari ya cika ya batse, ana babban taro ko gasar ƙwallo ko hutun ƙarshen shekara, ɗakin nan yana da mai saye da tsabar kuɗi, wani lokaci ninki biyu ko uku na farashin yau da kullum. Shi ma mai maki wannan daren yake so. Tun 1983 a kan wannan dare ake ja-in-ja.

Daga kamfanonin jiragen sama aka aro dabarar. A watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta cire hannun gwamnatin Amurka daga ƙayyade kuɗin jirgi da raba hanyoyi, sai kamfanoni suka shiga gasa ta ko a mutu ko a yi rai. American Airlines, wanda Robert Crandall yake jan ragamarsa, yana da babbar kwamfutar ajiye kujeru mai suna Sabre, saboda haka ya san su wane ne ke yawan hawa jiragensa. Ranar 1 ga Mayun 1981 ya ƙaddamar da AAdvantage: kowane mil da ka yi a sama za a rubuta maka, in sun taru ka karɓi tikiti. Kafin a ce kwabo United ya fito da nasa. Wanda aka yi tarkon dominsa shi ne ma'aikacin da ofishinsa ke biyan kuɗin tafiya amma shi ke zaɓar jirgi. Kuɗin na kamfani ne, ladan nasa ne, don haka ba ruwansa da neman araha.

A can ne aka ƙirƙiro makullai biyu da otal-otal suka gada. Na farko shi ne rufaffun ranaku: a buga a ɗan littafin ƙa'idoji cewa daga rana kaza zuwa rana kaza, galibi lokacin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba da Kirsimeti da sabuwar shekara, ba a karɓar tikitin kyauta. Na biyu ya fi ɓoyuwa, wato ƙayyade adadi: ranar a buɗe take, amma kujeru ƙalilan aka ware, kuma ba a gaya maka ko nawa ne. Bayan 1988, shekarar da kamfanonin suka yi rige-rigen ninka wa fasinja mil sau uku har suka tsorata da tulin bashin da suka ɗora wa kansu, sai aka ƙara ɗaure makulli na biyun. Mutane sun fi tsanar na farko saboda shi suke gani. Na biyun ne ya fi hana su tafiya.

Holiday Inn ne ya fara shigo da abin harkar otal a farkon 1983 da tsarinsa na Priority Club. Marriott ya bi sawu a watan Nuwamban shekarar da Honored Guest Awards. A 1987 Hilton ya kawo HHonors, Hyatt kuma Gold Passport. A wancan zamani komai a takarda yake. Ana aiko maka da lissafin makinka ta gidan waya, ka nemi takardar shaidar daren kyauta, ka jira ta iso, ka buga waya ofishin kama ɗaki, sannan ka riƙo ta a hannu ka miƙa wa mai karɓar baƙi. Sau da yawa a wayar maganar ke mutuwa. Mai amsawa zai ce akwai ɗaki, da ka ambaci maki sai ya ce babu.

Ba za a gane dalilin wannan babu ba sai an san wanda ya mallaki gadon. Sunan da ke bisa ginin otal ba lallai ne na mai ginin ba. A 1993 Marriott ya rabu gida biyu: Host Marriott ya tafi da gine-gine da basussukansu, Marriott International ya riƙe suna da aikin gudanarwa. Sauran manyan kamfanoni sun bi wannan hanya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama yau kusan duk otal-otal ɗin da ke ɗauke da sunan Marriott ko Hilton ko IHG mallakar wasu ne, ko dai sun yi hayar sunan ko sun ɗauko kamfanin ya gudanar musu. Misali na kusa shi ne Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987: ginin na kamfanin Transcorp Hotels ne, Hilton gudanarwa yake yi. To, kamfanin da ke Amurka shi ke raba maki, shi ke yin alƙawari, amma ɗakin da za a cika alƙawarin da shi na wani ne daban, wanda ke da bashin banki da albashin ma'aikata a wuyansa.

Ga yadda kuɗin ke zagayawa. Duk sa'ad da mamba ya kwana ya biya, otal ɗin yana zuba wani kaso na kuɗin, wajen kashi 4 zuwa 5 cikin 100, a asusun tsarin maki. Ran da wani mamba ya zo da makinsa, asusun ne zai biya otal ɗin. Nawa za a biya? A nan gizo ke saƙa. In otal ɗin bai cika ba a wannan dare, ɗan abin da zai rufe kuɗin shara da wanki ake ba shi, ko ya ɗara kaɗan. In ya cika maƙil, ya kai wani ma'auni da galibi yake wajen kashi 95 cikin 100 na ɗakuna, sai a biya shi kusan matsakaicin farashin da ya sayar da ɗakuna a ranar. Saboda haka daren da otal ya bushe mai gini ba ya ƙin mai maki, don ko ba komai zai ci abinci ya sha shayi ya biya. Daren da ya tabbata zai cika ma bai damu sosai ba. Wanda ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne daren tsakiya: kasuwa ta yi kyau, farashi ya hau, ɗakuna sun kusa ƙarewa amma ba su kai ma'aunin ba. A wannan dare yana kallon baƙo ya shige ɗakin da zai iya sayarwa da tsada, shi kuma a sallame shi da abin da bai kai ya kawo ba. A ganin masu gine-gine, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu kamfanonin daga baya sun mayar da biyan hawa-hawa don rage wannan ƙorafi, amma tushensa yana nan.

Haka aka yi ta tafiya har 1999, shekarar da wani baƙo a harkar ya birkita lissafi. Barry Sternlicht ɗan kasuwar filaye da gine-gine ne, bai kai shekara 40 ba a lokacin. Kamfaninsa, Starwood, ya sayi Westin, sannan ya ƙwace ITT, uwar Sheraton, daga bakin Hilton bayan zazzafar takara, aka kammala cinikin a farkon 1998. Dare ɗaya ya wayi gari da Sheraton da Westin da St. Regis da Four Points a hannu, ga kuma W da ya ƙirƙiro da kansa. A 1999 ya haɗe tsofaffin tsare-tsaren makinsu ya fitar da Starwood Preferred Guest, wanda aka fi sani da SPG, da alƙawarin da babu babban kamfanin otal da ya taɓa yi: babu rufaffiyar rana, babu ƙayyade adadi. In dai akwai ɗaki na gama-gari da ake sayarwa da kuɗi, ko shi kaɗai ya rage, ko daren sabuwar shekara ne, mai maki zai iya kama shi a farashin da ke jadawali.

Ba tausayin matafiya ne ya sa shi ba. Starwood bai kai abokan gasarsa yawan otal ba, kuma ba shi da irin ƙananan masaukan gefen hanya da suka bazu a kowane lungu na Amurka. Wanda zai ƙetare Marriott da ke kusa da wurin taronsa ya tafi Sheraton da ke nesa, sai an ba shi ƙwaƙƙwaran dalili. Sannan a lokacin Starwood shi ya mallaki da yawa daga cikin manyan otal-otal ɗinsa, don haka ba sai ya roƙi kowa ba kafin ya buɗe ƙofofinsu. Jadawalin a fili yake: otal-otal rukuni-rukuni, mafi araha maki 2,000 a ƙarshen mako da 3,000 a ranakun aiki, mafi tsada, bayan an ƙara rukuni na 7, maki 30,000 zuwa 35,000. A manyan rukunai in ka biya makin dare huɗu, na biyar kyauta ne. In ka mayar da maki 20,000 mil ɗin jirgi, a ƙara maka 5,000. Mutum yana iya zama a watan Janairu ya lissafa tafiye-tafiyen aikinsa na shekara, ya san ko za su kai shi da iyalinsa hutun kwana biyar a Hawayi ko Rum a watan Disamba. A ganina wannan sanin gaba shi ne ainihin abin da SPG ya sayar, ya kuma fi kyautar daren kanta daraja. Shi ya sa mambobinsa suka riƙe shi kamar ƙungiyar ƙwallo, yana ta lashe lambobin yabo na Freddie, waɗanda matafiya ne da kansu ke kaɗa ƙuri'arsu.

Sauran kamfanonin sun yi kusan shekara goma suna kallo. Hilton ya sanar da soke rufaffun ranaku a 2008. Marriott ya bi daga 15 ga Janairun 2009, Hyatt ma a wannan shekara. Lokacin na Marriott da Hyatt ba a banza ya zo ba. Bankin Lehman Brothers ya rushe a watan Satumban 2008, kamfanoni sun datse tafiye-tafiye, manyan otal-otal sun koma fanko. Alƙawarin ba za a hana ka ɗaki ba ba shi da tsada a shekarar da babu mai neman ɗakin. Kuma Marriott da ya bayar da hannun dama ya karɓa da na hagu: ya ƙara sabon rukuni na 8 mai tsada, sannan a ƙananan rubutun ƙa'idojinsa ya bar wa otal-otal damar rage yawan ɗakunan maki a wasu 'yan ranaku na shekara. An cire makulli na farko, na biyu yana nan daram.

Daga nan faɗan ya koma kan ma'anar ɗaki na gama-gari, tun da a kansa kaɗai aka yi alƙawari. Mai gini da ba ya son baƙin maki ba sai ya karya doka ba, ya ishe shi ya sake wa ɗakunansa suna. Wanda tagarsa ke kallon teku dama na musamman ne. To, sai wanda ke hango gefen teku in an leƙa shi ma ya zama na musamman. Sai mai kallon lambu, sai mai kallon gari, sai na hawa na biyar zuwa sama, sai wanda aka sa wa sabon kafet. A ƙarshe otal mai ɗaruruwan ɗakuna sai ya rage da 'yan ƙalilan da ake kira gama-gari, masu kallon wurin ajiye motoci, su ma an sayar da su tun da wuri. Wata dabarar ita ce sharaɗin yawan kwana: a ce a makon nan ba a sayar da ɗakin gama-gari sai ga mai yin dare biyar ko bakwai, alhali ɗakunan da suka ɗara shi da 'yan daloli ana sayar da su dare ɗai-ɗai. Wata kuma a ɗaure ɗakin da karin kumallo ko wurin ajiye mota a kira shi kunshi, tun da kunshi ba ya cikin alƙawari. Kamfanonin kan ja kunnen otal ɗin da ya wuce gona da iri in mambobi sun yi ca, amma ba sa son ɓata wa masu gine-gine rai, domin su ne ke biyan su kuɗin hayar suna, kuma in sun fusata za su iya sauke allon su ɗora na abokin gasa. Hilton ya samo wata mafita a 2011: ɗakunan da suka fi na gama-gari ma za ka iya kama su da maki, amma farashinsu yana bin farashin kuɗi. Sai ya zama kullum akwai ɗaki, sai dai makin da ake nema ya kan ninka na jadawali sau biyu ko uku ko fiye.

Ana cikin haka tushen makin kansa ya sauya. Da can sai ka kwana kake samun maki. Sannu a hankali bankuna suka zama manyan masu saye: American Express da Chase da Citi suna sayen maki a sari daga kamfanonin otal, suna raba wa masu riƙe da katunan bashinsu, dubbai a ranar buɗe kati, sannan wasu a kan kowace dala da aka kashe a kanti ko gidan mai. Ga kamfanin otal wannan ciniki ne mai daɗi, kuɗi a hannu yau, ɗaki kuma sai wata rana, ko ma ba za a zo nema ba. Amma manyan otal-otal na bakin teku da na tsakiyar Landan da Faris ba su ƙaru da saurin da maki ke ƙaruwa ba. Kuma duk makin da ke hannun jama'a bashi ne a littafin kamfani. Na Marriott kaɗai ya haura dala biliyan 6. Tun da an riga an yi shelar ba za a rufe rana ba, hanya ɗaya ta rage, ita ce a taɓa farashi.

Hilton ne ya fara taɓa shi da ƙarfi. A watan Maris na 2013 ya mayar da rukunansa 10, aka kuma sa farashi ya riƙa sauyawa da watanni. Otal irin Conrad na tsibiran Maldibs, da ake kama ɗakinsa da maki 50,000, ya koma har 95,000. A 2017, shekarar da ya sauke harafi ɗaya daga sunan tsarin ya zama Hilton Honors, sai ya janye jadawalin gaba ɗaya, yana bin sawun kamfanin jiragen Delta da ya yi haka a 2015. An ce 95,000 ne rufin farashi. Da aka buɗe Waldorf Astoria na Maldibs a 2019 sai ga 120,000, daga baya 150,000, kuma bai tsaya nan ba. Wyndham ya gwada akasin haka a 2015: kowane otal nasa, babba ko ƙarami, maki 15,000. Abin ya yi daɗin ji, amma kowa sai ya nufi otal-otal masu tsada, babu mai ɓarnar da makinsa a masaukin gefen hanya. Shekara huɗu aka yi aka raba shi hawa uku, 7,500 da 15,000 da 30,000.

Shi kuwa SPG, saye aka yi aka haɗiye shi. Marriott ya sanar da cinikin Starwood a watan Nuwamban 2015, kamfanin inshorar Anbang na Sin ya shigo ya tayar da farashi sannan ya janye, aka kammala a watan Satumban 2016 a kan kusan dala biliyan 13. Aka sami kamfani mai otal sama da 5,700 da ɗakuna miliyan 1.1 a ƙarƙashin sunaye 30. Shugaban Marriott na lokacin, Arne Sorenson, bai ɓoye cewa mambobin SPG suna cikin abin da ya saya ba. Aka mayar da kowane makin SPG ɗaya maki uku na Marriott, aka haɗe tsare-tsaren a watan Agustan 2018, aka raɗa wa sabon suna Bonvoy a Fabrairun 2019. A watan Satumban wannan shekara aka shigo da farashi hawa uku, na lokacin cunkoso da na tsaka-tsaki da na lokacin da kasuwa ta kwanta. A rukuni na 8 ke nan 100,000 da 85,000 da 70,000. Ba a daɗe ba damar rage ɗakunan maki a wasu ranaku ta shafi har tsofaffin otal-otal ɗin Starwood, wato ainihin abin da Sternlicht ya soke shekara 20 kafin nan. Ranar 29 ga Maris na 2022 Marriott ya janye jadawalinsa. IHG ya riga shi tun 2020.

Annobar korona ta fito da abin da tsarin ya zama a fili. A watan Afrilun 2020, otal-otal a rufe, Hilton ya sayar wa American Express maki na dala biliyan 1 tun kafin a buƙace su. Wata guda bayan haka Marriott ya karɓi dala miliyan 920 daga Chase da American Express ta irin wannan hanya. A watannin da ba a sayar da gado, maki ne ya kawo kuɗi. Duk wannan maki kuwa wata rana zai zo yana neman ɗaki.

Yanzu kwamfuta ce ke yanka farashin kowane dare, tana duban yawan waɗanda suka riga suka kama ɗaki, da farashin maƙwabta, da abin da ya faru a irin ranar a bara. Farashin maki yana bin na kuɗi sama da ƙasa, ko da ba taku-da-taku ba. Kamfanonin suna cewa wannan ya ƙara yawan ranakun da ake samun ɗaki, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: in farashi zai iya hawa, ba a buƙatar rufe ƙofa. Talakan mamba mai neman dare ɗaya a ƙaramin gari ranar Lahadi ma wani lokaci yana samun sauƙin da tsohon jadawali bai ba shi ba. Amma wanda ya yi shekara biyu yana tari don wani otal na musamman ba shi da abin dogaro, domin adadin da ya sa a gaba zai iya gudu ya bar shi, ba sanarwa, ba wa'adi. Da can in za a rage darajar maki sai an buga sabon jadawali, kowa ya ɗora shi kusa da tsohon ya ga abin da aka yi masa, a yi surutu, wani lokaci ma a ba da 'yan makonni a kama ɗaki a tsohon farashi. Yau ana iya yin haka cikin dare babu takardar da za a nuna. Takardun daren kyauta da ke zuwa da katunan banki sun fi shiga tsaka mai wuya, tun da suna da rufi: a 2022, ta Marriott mai darajar maki 35,000 ba ta aiki a daren da kwamfuta ta ce 52,000, ko da an yi amfani da damar cikawa da maki 15,000 da aka bayar a shekarar. Ranar ba a rufe take ba a hukumance, amma mai takardar ba zai shiga ba. Ni dai da wannan gara tsohon ɗan littafin da ke gaya maka ƙiri-ƙiri cewa daga 20 ga Disamba kada ka zo.

Kamfanoni biyu sun bi wasu hanyoyi. Hyatt, wanda ya sauya sunan tsarinsa zuwa World of Hyatt a 2017, ya ci gaba da wallafa jadawali. Shi ma ya shigo da farashin cunkoso a watan Maris na 2022, bayan korona ta jinkirta shi shekara biyu, rukuni na 1 ya zama maki 3,500 zuwa 6,500, na 8 kuma 35,000 zuwa 45,000, amma ko ba komai akwai rufi a rubuce. Dalilinsa shi ne irin na Starwood a 1999: otal-otal ɗinsa kaɗan ne in an gwada da na Marriott da Hilton, waɗanda kowannensu ya haura mamba miliyan 200. Kuma da yake jadawalinsa ya fi riba ga baƙo, wasan sake wa ɗaki suna da sharaɗin yawan kwana bai bar otal-otal ɗinsa ba. Accor na Faransa kuwa tun farko bai shiga wannan rigima ba. Makinsa kuɗi ne kawai: 2,000 daidai da Yuro 40, a cire daga lissafinka ko wane dare ne, ko wane ɗaki ne. Babu ranar da za a rufe, babu kuma ranar da za ka ci gagarumar riba. Inda manyan kamfanonin Amurka suka dosa ke nan, sai dai su ba su yarda su faɗi nawa makinsu yake ba.

Duk wanda ke son ganin yadda abin ke aiki a wurin da ya sani, ya dubi Makka. Otal-otal ɗin da suka kewaye Harami kusan duk suna ɗauke da waɗannan sunaye: Hilton da Conrad da Hyatt Regency da Marriott a gine-ginen kamfanin Jabal Omar, Fairmont da Swissôtel da Pullman na Accor a dogayen benayen agogo, InterContinental a Darut Tauhid. Masu gine-ginen 'yan ƙasar ne, sunayen na waje ne. Babu inda ɗakin da ke kallon wani abu ya kai na nan daraja, don haka mai kallon Ka'aba rukuninsa daban, mai kallon Harami daban, mai hango gefensa daban, na gama-gari shi ne mai kallon gari. A goman ƙarshe na azumi da yawansu ba sa sayar da dare ɗai-ɗai, kunshin dare goma suke yi a farashin da ya ninka na sauran watanni, a lokacin aikin Hajji kuma kamfanonin jigilar alhazai ne ke kwashe ɗakunan a sari tun watanni kafin lokaci. Ɗan kasuwar Kano ko Maradi da ya tara maki a tafiye-tafiyensa na Dubai da Guwanju, ya yi niyyar kashe su a daren 27, ba zai ga jerin rufaffun ranaku a manhajar wayarsa ba. Zai dai ga kalanda da wasu ranakun babu komai a kansu, wasu kuma da adadin da ya fi ƙarfin abin da ya tara. In ya matsa gaba zuwa 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, lokacin da masu Umara suka watse, sai farashin ya sauko, ɗakunan gama-gari su sake bayyana.